Ta Cinya Ko Ta Tebur

Sau uku ina zuwa Titin Beirut
da kuɗin adashe a aljihun ciki,
sau uku ina komawa Fagge da abina.

Lurwanu ya ce, ɗauki ta tebur.
Allonta ya kai faifai biyu,
za ka ƙirga zaren hular ango,
ka cire ƙurji ba ka taɓa kumatu ba.
Na ce, ai akuyar ɗaure ce,
ran da wuta ta ɗauke
da aikin yini take tafiya.

Ta cinya kuwa 'yar yawo ce.
Ta hau adaidaita, ta je Gwale, ta je Hotoro,
kafin a kwashe kujerun walima an ga hoto.
Sai dai ba ta da alƙawari.
Na taɓa aron ta Mudi:
ka ɗan karkata murfin, shuɗi ya koma kore.
Hajiya Tasalla ta duba ta ce,
"Yaro, wannan ba leshina ba ne."

Daren jiya na buɗe akwatin Inna
na tarar da Baba a ƙofar rumfarsa ta Kurmi,
ruwa ya cinye masa kafaɗa,
ido ɗaya ya dusashe.
Na daɗe ina kallo da fitilar waya.
Wannan idon ba a gyara shi a kan gwiwa,
a cikin hayaniya.

Gobe zan jawo akuyar.
Wuta kuma, na saba jiranta.