Awon Kan Asumane

Shekara arba'in ina bisa keken nan,
a rumfata ta bakin kasuwar Tawa.
Na yi wa liman jabba, na yi wa ɗan kokawa wando,
na ɗinke wa ƴan ci-rani aljihun ciki
don kada kuɗin Abijan su zube a hanya.
Ban taɓa yi wa tawul hula ba.

Habsu ce ta kira daga Yamai,
muryarta na tsinkewa kamar ruɓaɓɓen zare:
"Baba, yaron nan da an tsamo shi daga wanka
kafin in kama shi ya kai bakin ƙofa,
kai a jiƙe, ga mura ba ta barinsa.
Ka ɗinka masa irin mai hular nan."
Na ce, hula a ina? Ta ce, a kusurwa.
Na ce, to awon kansa fa?
Sai kuɗin wayarta suka ƙare.

Tawul biyu na saya wurin Illa mai gwanjo,
mun yi ciniki har shayinsa ya huce.
Babban ruwan ɗorawa, ƙaramin shuɗi.
Ƙaramin na yanka kusurwa uku,
almakashi na ci yana tofarwa
har farin gemuna ya koma shuɗi.

Saura awo.
Rabona da yaron tun ranar suna,
sa'ad da kansa bai fi albasar Galmi ba.
Yanzu an ce watansa ashirin.
Na kifa ƙoƙon fura a gwiwa, ya yi kaɗan.
Na kifa ƙwaryar awon gero,
na ce wannan sai dai kan ubansa.
Sai ga ɗiyar mai ƙosai ta zo wucewa,
na ba ta dala biyar, na ari kanta.
Ta tsaya cik, ko ƙiftawa babu,
zaren awo zagaye da goshinta.

Tawul ba shadda ba ne.
Shadda na bin hannu, shi gardama ya iya.
Ya cushe ƙarƙashin ƙafar keke,
ya karya mini allura biyu kafin azahar.
Inda ninki ya haɗu huɗu
na ɗage ƙafa, na juya da hannu, ɗaya bayan ɗaya,
kamar mai tsallakar da makaho kwalta.
Bakin ɗinkin na rufe da ƙyallen atamfa
don kada ya cije shi a ƙeya.
Daga zanen kakarsa na yanko,
ita da ba ta jira zuwansa ba.
Habsu za ta gane. Ba sai na faɗa ba.

Ƙyalle biyu suka rage a tebur.
Na dube su, suka dube ni.
Na waiga, Malam Shaibu na gyangyaɗi bisa nasa keken,
sai na yi wa hular kunnuwa.
Na zomo na nufa.
Na jaki suka fito.

Na ƙulle a leda, na kai tasha.
Kwana uku shiru.
Daren na huɗu waya ta kawo mini shi:
kai cikin hula, daidai wa daida,
kunne ɗaya tsaye, ɗaya kwance,
daga wuya zuwa ƙasa kuwa yadda Allah Ya yi shi,
tawul na shara ƙasa a bayansa,
uwar na binsa tana "tsaya, tsaya!"
Wai yanzu ya fi da gudu.
Na kalla, na maimaita, har wutar wayar ta mutu.

Da safe ina kakkaɓe zaren jiya,
sai ga ɗiyar mai ƙosai.
Ba ta ce mini komai ba.
Ta ajiye dala biyar ɗina bisa keke,
ta miƙo kanta.