Hannu Ma Baki Ne

Ni ce mai tsintsiya,
mai bokiti da tsumma a asibitin unguwarmu.
Kafin Kakuri ta gama wanke ido
na goge dogon bencin baranda,
wanda ƙafarsa ɗaya ta gaza,
na cusa mata guntun katako don kada ya karkata.

Benci bai san sunan kowa ba.
Mai carbi ya zauna, mai giciye ta zauna,
wanda ya tsallako gada daga Tudun Wada,
wadda ta taso daga Sabon Tasha da goyo.
Zazzaɓi ba ya tambayar unguwa.

Amma ƙofa tana zaɓe.
Matakala uku gare ta, na ƙirga su
ranar da muka ɗaga Malam Ɗanjuma da kekensa,
ni da maigadi, sai ka ce buhun masara.
Ya ce mana sannu, ya kau da kai.
Tagar yankan kati kuwa ta fi hularsa tsawo,
sai ya miƙa hannu sama kamar mai roƙo,
alhali kuɗin guminsa ne a tafinsa.

Ran Talata Zigwai ta zo,
ciki wata takwas, zane ɗaure a ƙirji.
Aka kira sunanta sau uku.
Tana nan, tana kallon kalandar bango.
"Ba ta nan," in ji mai rajista, ya ja layi.
Ta zauna har inuwa ta bar baranda,
har mai kunun zaƙi ta kife roba.

Sista Barira ta tsaya a kanta:
"Ke, me ke damunki?"
Ta ƙara murya, ta sake ƙarawa,
kamar tsawa ce maganin kunne.
Wani ya ce taurin kai ne,
wata ta ce ai Hausar ce ba ta ji.

Ni hannunta na gani.
Yana tashi, yana faɗuwa a cinya,
kamar tsuntsun da ya shigo ɗaki ya rasa taga.
Na san wannan harshe.
Gambo ƙanena da shi ya girma,
da shi muka yi faɗa, da shi muka yi gulma
a bayan ɗakin Inna, babu mai jin mu.

Na jingine tsintsiya.
Na durƙusa, na tambaye ta da yatsu.
Idonta ya kawo ruwa tun kafin ta amsa.

Na ce, "Sista, kwana uku kanta na sarawa.
Tana ganin tartsatsi ko ta rufe ido.
Zoben nan ya ƙi fita, dubi ƙafarta."
Sista ba ta ce komai ba.
Ta ɗaura abin awo a damtse, ta duba, ta sake dubawa,
sannan ta ruga, takalmi ɗaya ya tsaya a ƙofa.

Abin da ya biyo baya aikin masu farar riga ne,
kuma sun yi shi, Allah ya saka musu.
Mace ta haifa, 'yar mitsitsiya,
mai kukan da ya isa mutum biyu.

Ba a rubuta sunana a fayil ba.
Na koma kan bokitina, ruwan ya huce.

Yanzu in layi ya ragu, Sista kan kira ni gefe:
"Tasalla, nuna mini *ina ke ciwo*.
Nuna mini *kada ki ji tsoro*."
Yatsunta sun saba da allura, ba su saba da zance ba,
muna dariya, tana sakewa.
Kalma bakwai ta iya zuwa jiya.

Matakala dai uku ne har yau.
An ce siminti na hanya tun bara.

Jibi ina hutu, zan je Rigasa gaida Inna.
Ina ninke tsumma ina tunani:
in wata ta zo da bakinta a hannu,
kalma bakwai za su isa?