Kwana Tara a Firigon Lawali

Rumman huɗu Ilu ya sauko da su daga Timiya,
cikin kwali, ƙarƙashin kujerar direba.
Hanyar Tanut ba ta san lallashi ba.
Kafin su iso Damagaram
uku sun yi dariya, baki buɗe,
jajayen haƙora a waje.

Fasasshen rumman ba ya jiran kowa.
Ke kuwa, Harira, kina gidan likita,
ɗinki goma sha biyu a cikinki.
Lokotoro ya ce ruwa, sai romo,
sai koko in Allah Ya kai mu mako.
Kuma ke kika ce, kafin allura ta ɗauke ki,
"In na tashi, rumman nake so."

Shekara talatin ina dukanci a Birni,
ina hana fata ruɓewa
da gishiri da bagaruwa,
amma ban san yadda ake roƙon ɗan itace
ya dakata ba.

Barira ce ta zare wuƙar daga hannuna.
"Baba, wannan ba fatar akuya ba ce.
Ƙwayar da ka ji wa ciwo
ita za ta fara kuka,
kukanta ya kama na kusa da ita."
Ta ɓare su cikin ƙwaryar ruwa,
farin ɓargo ya taso, ja ya nutse.
Ta matsa lemun tsami guda,
ta tsame, ta baje bisa wankakken mayafinki,
ta ce danshi shi ne ɓarawon,
ba da ƙofa yake shiga ba, da shi ake rufewa.
Ta tsince masu rauni ta ba ni.
Na ci, ina jin kamar sata nake.

Roba mai murfi, ta rubuta Talata a kai.
Muka kai butik ɗin Lawali.
"Ba gidan ƙanƙara ba," in ji ta,
"can za su daskare su fashe.
Ba bakin ƙofa ba, yara na buɗewa sau ɗari.
Can ƙurya, bayan yawur."

Daren Juma'a kuran ya tafi.
Unguwa ta yi tsit, har numfashin duwatsu nake ji
suna mayar da zafin da suka sha da rana.
Na tashi, takalmi ɗaya nawa, ɗaya na Barira,
na bi duhu har Kasuwar Dole,
na tada mai kifi daga barci.
Dala ɗari ya ce, don dutsen ƙanƙara
da bai kai kan jariri ba.
Ban taya ba.
Na rungumo shi cikin buhu,
yana zubar mini a riga duk tsawon hanya,
kamar ina ɗauke da lokaci.

Kullum bayan azahar ina zuwa dubiya biyu:
ke, sannan robar.
In ɗaga ta saitin haske,
in duba ko ruwa ya kwanta a gindi,
ko ja ya fara komawa ƙasa-ƙasa.
Ran Lahadi na cire biyar da suka yi laushi.
Ran Litinin zazzaɓi ya dawo miki,
lokotoro ya ƙara kwana biyu.
Lawali ya daina yi mini ba'a.

Alhamis, da hantsi,
na buɗe murfin a gefen gadonki.
Sanyin ya taɓa miki fuska kafin ƙamshin.
Kika ɗauki ɗaya, kika juya ta a yatsa,
kika fasa ta da haƙorin gaba.

Na jira.

"Ya ɗan yi tsami," kika ce.
Sai dariya ta kama ki,
kika dafe ɗinkin da hannu ɗaya,
ɗayan kuma yana cikin robar,
yana neman ta biyu.