Ramin Matashi

Ƙarfe bakwai nake shiga, in sun watse,
ni Zunilda, da tsintsiya da bokiti,
hawa na huɗu a unguwar Palermo,
inda Dokta Perlmutter ke sayar da shiru.

Ta bango na taɓa ji:
mahauci ya kwanta yana zuba kamar famfo,
ita tana bayan kansa, ko uffan,
can sai ta ce, "To, babanka fa?"
Ƙaton ya fashe da kuka.

A Buenos Aires kowa da mai sauraronsa,
direban bas, lauya, mai gasa nama a bakin titi.
Wai akwai ɗaki a cikin mutum
da shi kansa bai riƙe mabuɗinsa ba.
Abin da ka binne kana yaro
sai ya tsiro a mafarki, ko ya leƙo ta suɓutar baki.

Kakata a Corrientes ba haka ta koya mana ba.
In haƙori ya faɗi a mafarki,
a nemo kyandir, wani zai tafi.
Ita gobe take leƙawa,
Dokta jiya take tonowa,
kuma duk biyun shayin mate suke sha, ba sukari.

Ina kwashe takardun share hawaye,
in gyara matashi. Kullum da rami a tsakiyarsa:
kawuna daban-daban, ramin ɗaya.

Daren Laraba ruwa ya tsare ni.
Na tuɓe takalmi, na kwanta.
Rufin ɗakin da tsaga, kamar kogi a taswira.
Na ce bari in yi wasa, in ba kujera labari:
jiya na kira ɗana cin abinci,
maimakon Lisandro na ce Eladio.

Eladio ƙanena ne.
Shekara talatin da ɗaya da Paraná ya haɗiye shi.
Ni aka bar wa shi, ina da tara, yana da huɗu,
na juya ina kallon jirgin ruwa mai lodin lemo.
Ban taɓa faɗa ba, ko wa fada a coci.

Kujerar ba ta ce komai ba.
Ashe aikin ke nan.

Na tashi na bubbuga matashin,
ramin ya ƙi cika. Na bar shi.
Na kashe fitila, na sauka ina ƙirga matakala,
sai a ta hamsin da biyu na tuna
laimata tana sama, jingine da gadon.
Da Dokta na nan, na san abin da za ta ce
game da mai mantuwa a gidan da yake son komawa.