Ƙofa Daga Ƙarshe

A shagon kayan babur, bakin kasuwar Maradi,
nake kwafar rubutun jikin kwali.
Sawun kaza kawai nake gani.

Madan Lin ta kama hannuna:
"A'a, Tsahiru. Sama kafin ƙasa."

Ajami ya koya min dama,
lakwal ta juya ni hagu,
yanzu kuma daga sama, kamar ruwan damina?

"Mutum" zane biyu ne:
na farko ya zame,
na biyu ya tokare shi.
Nawa sau arba'in yana faɗuwa.

"Ƙasa" kuwa gida ce:
ja katanga, shigar da kaya,
sannan rufe ƙofa.
Ni sai in rufe,
kayan na waje.
Ta yi dariya har shayinta ya zube.