Zoɓon Bana

Bayan la'asar Yagana ta shigo shagona
da kwalba guda naɗe cikin zane,
riƙon mai dawowa daga asibiti da jinjiri.
Ta ce, "Malam Haru, takardar goshi za ka buga mata."

Na tsiyaya a kofin shayi, na ɗaga wajen ƙofa.
Ja ne, amma ba jan Kasuwar Dole ba.
Ja mai duhu, wanda rana ke shiga
ta fito da ƙyar.

"Na gonarmu ne ta Mirriya,
gefen tsakuwa, inda garma ke ƙara.
Ruwa ya ɗauke kwana goma sha tara a tsakar damina.
Furen ya ƙanƙance.
Buhu huɗu muka ɗaure inda bara aka ɗaure tara.
Kurɓa dai."

Tsami ne ya fara sallama.
A bayansa wani abu ya tsaya,
ƙamshin sabuwar randa da aka yi wa ruwan fari,
sai citta can nesa, ba ta ɗaga murya ba.

Kyari, ɗanta, bokon Yamai,
ya zaro waya yana nuna mini kwalaben wasu ƙasashe.
Yana son sunan Faransanci, da bakin zinariya,
da hoton duwatsun Birni a tsakiya.
Wai can akwai wani baƙin inabi mai siririyar fata,
in ya sha wuya ya fi tsada,
har shekarar da aka tsinke shi suke rubutawa a wuyan kwalba.

"Mu ba giya muke yi ba," in ji uwar.
Ta yi shiru, tana murza bakin mayafi.
"Amma wannan ta shekarar, sun yi hankali.
Duwatsu kuwa ka bar su inda suke,
ba su yi mini noma ba."

Na gwada ja bakwai a na'ura.
Wannan na tumatir, wancan na jan baki,
ɗaya kamar rigar 'yan ƙwallo.
Ana na takwas wuta ta tafi.

Cikin duhun nan ta tsoma babban yatsa a kofina
ta danna a farar takarda.
"Ga launin. Ka rubuta a ƙasa:
Kwana Goma Sha Tara."

Kyari ya kama kai.
"Wa zai sayi abin sha mai sunan fari?
Baɗi kuma fa, in ruwa ya wadata?"
Ta ce, "Baɗi ta zo da nata sunan."

Kwalba ɗari uku na yi wa goshi,
ita ta bi su ɗaya ɗaya da yatsa,
babu biyu da suka yi kama.
Jaka biyu ta rage mini a kanta har yau.
Ban aika ba.
Da'irar da gindin kofin ya bari a teburina
ita ma ban goge ba.