Motar da Ba Ta Tari

Shekara talatin da ɗaya ina Panteka,
kunnena ne ma'aunina.
Inji ya yi tari daga bakin titi,
na faɗi ciwonsa kafin a buɗe baki.

Sai wata Laraba, ruwa ya ɗauke ke nan,
farar mota ta shigo garejina
ba gurnani, ba hayaƙi,
tafiyar kyanwa a kan tabarma.
Na ce da Barau, yarona: wa ya turo ta?
Ya yi dariya har sufana ta suɓuce masa.

Mai ita, Ladidi, ungozoma ce a Barnawa.
Ta ce wani abu na huci a kujerar baya.
Barau ya ce, Oga, kar ka taɓa waya mai ruwan lemo,
wutar cikinta ba ta san furfura ba.

Ya durƙusa ya zana mini a jiƙaƙƙiyar ƙasa:
nan injin fetur, wanda ka sani;
nan abokin aikinsa, na lantarki,
zaren tagulla da maganaɗisu kawai;
nan ƙaramin ƙaninsa, mai tada inji, mai haifar wuta;
ƙarƙashin kujera kuma batir, rumbun gidan.
Tsakaninsu inbata ke tafinta,
don wutar batir miƙe take tafiya,
su kuwa sai mai kai da komowa suke ji.

Na ce to ina giya ta ɗaya, ina ta biyu?
Ya ce babu.
Haƙora ne a da'ira: rana a tsakiya,
'yan taurari na zaga ta, zobe ya kewaye su.
Ƙarfin inji ya shigo nan ya rabu biyu,
kaso ga taya, kaso ga rumbu,
kamar mai awo da ba ya ha'inci.

Muka hau, ni a sitiyari.
A cunkoson Kasuwar Barci inji ya yi barcinsa,
lantarki ke jan mu taku-taku
tsakanin 'yan gwanjo da masu baro.
Da hanya ta buɗe wajen Kawo na taka,
sai na ji shi ya farka, ba ƙarar kika,
kamar mutumin da ya tsoma baki a hira
daidai inda ake bukatarsa.
A hawan gada su biyun suka sa kafaɗa.

A gangara ne abin ya kama ni.
Na ɗora ƙafa a birki,
allo ya nuna kibiya ta juya baya.
Barau ya ce: yanzu taya ce ke juya na lantarkin,
ya zama janareta,
gudun da za mu zubar yana komawa rumbu.
Na tuna tulin takalman birki da na canza,
duk zafin da suka sha, iska ta kwashe.
Ashe tsayawa ma ana iya adana ta.

A danja muka tsaya, shiru.
Hannuna ya kai ga makulli don sabo.
Barau ya riƙe shi: ba mutuwa ta yi ba, Oga,
jira take, kuma ba ta sayen jira da mai.

Hucin kuwa fankar batir ce,
ta toshe da ɓawon gyaɗa da zaren mayafi.
Da buroshin haƙori muka gama aikin.
Ladidi ta biya, ta ce ana jiranta, wata na naƙuda,
ta fice ban ji fitarta ba.

Da yamma na hana a share zanen.
Na kifa tsohon baho a kansa saboda ruwan dare,
na ce da Barau gobe ya zo da wuri,
ya sake mini bayanin taurarin nan,
a hankali.